Take Biyu da Ba a Haɗawa

Kwana biyu na yi a filin jirgin Kasablanka, zaune kan jakata kamar kaza mai kwanci. Jirgin da zai kai ni Beljik ya tashi ya bar ni, saboda wani ma'aikaci ya karɓi fasfona ya shige wani ɗaki da shi, bai fito ba sai da aka rufe ƙofa. Da na tambaye shi laifina, sai ya ɗaga takardar gayyata ya karanta da ƙarfi. "Makaɗin piyano? Daga Diffa?" Ya kira abokinsa ya nuna masa, suka yi dariyarsu suka ƙoshi. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsu sosai ba. Ko a Diffa ɗin, in na ce ni makaɗin piyano ne, cewa ake, "Au, kai ne mai kiɗan bikin nan?"

Sunana Lawali. Mahaifina mutumin Damagaram ne, yana da shago a kasuwar Diffa inda yake sayar wa manoman tattasai buhuna da igiya. Ni kuwa tun ina saurayi na maƙale wa ƙaramin piyanon lantarki, irin wanda ake jona wa janareto a gidan biki. Da a nan na tsaya, da babu labarin nan.

Wanda ya ja ni gaba shi ne Ba Kyari, wani tsohon mai algaita daga wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, gabas da Geskeru. Shi ne ya tsara wa manyan manoman yankin takensu. Take ɗan gajeren kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya tak. In an busa shi a wurin gayya, mai shi ya san da shi ake, sai ya ɗaga hauya ya amsa, matansa su rangaɗa guɗa. Da mutanen daji masu bindiga suka tashi ƙauyukan bakin kogi, Ba Kyari ya dawo zaman gudun hijira a gefen Diffa, haƙora sun zube, numfashi ya ragu, algaita kuwa ba ta san uzuri ba. Sai ya riƙa zuwa inuwar shagonmu da hantsi yana rera mini taken da baki, ni kuma ina nemo su a kan piyano. A haka na kwashe su duka. Ranar da muka gama, ya riƙe wuyan hannuna.

"Lawali, duka na ba ka, ban rage ba. Amma biyu ɗin nan, na Bulama Ari da na Madu, kada ka haɗa su a zama ɗaya. In ka kaɗa ɗaya yau, ɗayan ya jira gobe. Ka ji?"

"Na ji, Ba."

"Ji ban da riƙewa, ko jaki yana yi. Ka ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka, Allah shaida.

Dalilin kowa a bakin kogi ya san shi. Bulama Ari da Madu aminai ne, gonakinsu na manne da juna, injin ban ruwa ɗaya suke ja. A damina ɗaya Ba Kyari ya yi musu takensu. A wurin gayya yakan busa na Bulama har ƙarshensa, ya ja numfashi, sannan ya busa na Madu. Daga baya ɗan Madu ya bi mutanen daji. Shi ne ya dawo da su da rana tsaka, ya nuna musu Bulama a cikin tattasai, suka yanka shi a bakin kwalbatin ruwa. Madu ya tsallaka kogi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Matar Bulama, Ya Fanna, tana nan da ranta, bukkarta ce ta uku daga ta Ba Kyari.

Wata Baturiya mai aikin agaji ce ta ɗauke ni a waya ina kaɗa ɗaya daga cikin taken a wani biki, ta sa a intanet. Wani makaɗi a Beljik mai suna Arman ya gani, ya aiko mini da gayyatar wata uku da tikitin jirgi. Abin da ya zaunar da ni a Kasablanka ke nan.

Na sauka Buruksal da makarar kwana biyu, ba kowa a bakin ƙofa. Saƙo kawai na tarar a waya: in shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a kudu. Baƙo ko da ido makaho ne. Ina tsaye gaban injin tikiti ina danne-danne, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, daga gida?" Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Ya ce sunansa Idi, ɗan ƙasarmu ne, ya shekara goma sha a nan. Ya ciro mini tikiti, ya nuna mini layi, sannan ya shinshina iska ya dubi jakata.

"Kai, banda ce nake ji?"

Na ce kifin banda ne, da garin tattasai da yajin da mahaifiyata ta daka mini.

Ya dafe kai. "Innalillahi! Karnukan ƴan sanda suna cikin tiren nan da za ka shiga. Suka ji wannan, yau a Yamai za ka kwana. Kawo in ajiye maka, ga nimeron wayata, ran Juma'a in aiko maka ta hannun wani."

Na ciro ƙullin na miƙa masa har da godiya. Babu kare ko ɗaya a jirgin. Lambar da ya ba ni kuwa, wata tsohuwa ce ta ɗauka, ta zage ni da wani yaren da ko Faransanci ba ne. Ina fatan yajin ya shaƙe shi.

Gidan Arman tsohon gidan gona ne a bayan gari, babu maƙwabci sai itatuwa. Ya ba ni ɗaki a saman inda aka taɓa ɗaure shanu, sanyi yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Shi dogo ne, ya haura sittin, muryarsa a ƙasa kullum. Tun daga ranar da na zo har ranar da na tafi bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya wahalar da ni kamarsa ba.

Ya kai ni ɗakin kiɗa, na ga piyanon gaske a karon farko, baƙi, ya kai girman kwalekwale. Na danna, na ji maɓallan da nauyi, sauti yana fitowa daga cikin katako yana shiga ƙirjina. Sannan ya ce in matsa, zai nuna mini sana'arsa. Shi ɗan jaz ne, amma irin jaz ɗin da ba ya bin hanya. Aikinsa shi ne ya ɗauko kiɗan wani magabaci da ya daɗe da mutuwa, ya zauna shi kaɗai da piyano, ya warware shi zare-zare, ya sake ɗinka shi yadda ya ga dama. Ya buɗe murfin, ya cusa kusoshi da guntayen roba tsakanin wayoyin, ya fara. Ya doka da gwiwar hannu, ya ja farce a kan waya, ya yi shiru har na ɗauka ya manta, ya sake dira. Na dubi ƙofa, don a garinmu mai yin haka ruƙiyya ake kai shi. Amma can cikin hayaniyar sai na ji wani ɗan kiɗa mai daɗi yana leƙowa yana ɓuya, sai na gane mutumin nan ba mahaukaci ba ne. Kunne gare shi, irin wanda ban taɓa gani ba sai wurin Ba Kyari.

Ya ce yanzu taken Ba Kyari yake so a yi wa haka, kuma ni zan kaɗa, ni kaɗai, a gaban jama'a. In abin ya yi kyau, zai rubuta wa makarantar kiɗa ta babban birni wasiƙa su ɗauke ni, a ƙara mini biza, in yi karatu shekara uku. Ba zan ɓoye ba, wannan magana ta shiga raina ta yi kane-kane. Na gaji da kiɗan biki, na gaji da a ce in rage sauti ango zai yi magana.

Makonnin farko na sha wuya. In na kaɗa take yadda yake, sai ya ce a hankali, "Wannan kiɗan biki ne, Lawali. Sake." In na doka da ƙarfi, ya ce, "Wannan kwaikwayona kake. Sake." Tun safe har la'asar. Abinci dankali dafaffe da cuku, babu yaji, babu manja, babu mai ce maka sannu. In baƙi suka zo sai ya ce in sa babbar riga, ya gabatar da ni a matsayin wanda ya tsira daga yaƙi. Ran nan na ce masa ni ban gudu daga ko'ina ba, ubana shago gare shi a kasuwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ba sai ka faɗi wannan ba." Na yi kewar gida har na riƙa tuna abubuwan da ban taɓa so ba, har da atishawar da ke kama mutum a layin masu tattasai.

Mutum ɗaya ce ta tausaya mini, Madam Irena, wata tsohuwa mai zuwa duk Alhamis ta daidaita sautin piyanon. Ta ga yatsuna sun tsattsage da sanyi, mako na gaba ta kawo mini safar hannu na mijinta da ya rasu, da kwalbar wani jan barkono da ta saya a shagon Larabawa. Na ci dankali da shi ina hawaye, ta ɗauka zafinsa ne. Tana haɗa kayan aikinta ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Arman bai taɓa satar kome a wurin kowa ba. Ba shi ake yi."

Arman ya sa na kaɗa masa taken duka, ɗaya bayan ɗaya, yana naɗa. Na yi dabara: na ba shi na Bulama Ari ran Talata, na Madu ran Laraba, na sa wasu a tsakani. Na ɗauka na yi wayo. Bayan mako biyu, da safe, ya kira ni yana rawar jiki. Ya zauna, ya ɗora hannun dama ya fara taken Bulama, ya sa hannun hagu ya shigo da na Madu a ƙarƙashinsa.

"Ka ji? Inda wannan ya hau, wancan sauka yake. Wanda ya yi su don juna ya yi su."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na ce masa ya daina, ba a haɗa su. Ya ce saboda me? Da na ce al'ada ce na ja bakina, da wataƙila ya haƙura. Amma ina so ya fahimta, sai na zauna na ba shi labarin duka: injin ban ruwa, ɗan Madu, kwalbatin, Ya Fanna da bukkarta. Magana zarar bunu ce. Ya saurara har idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ya dafa kafaɗata.

"Lawali, wannan shi ne zuciyar wasan namu."

Na ce ba zan yi ba, na ɗauki alkawari.

Bai yi gardama ba. Ya kulle ɗakin kiɗa ya sa makulli a aljihu. Ya daina yi mini magana, sai gaisuwa. Da na sauko cin abinci sai na tarar da tikitina na komawa a ajiye kusa da farantina. Washegari ma haka. Kwana biyar tikitin nan yana cin abinci tare da ni.

Ina da waya, kuma akwai mai shagon caji kusa da bukkar Ba Kyari da zai iya kai masa. Ban kira ba, don na san amsar. A maimakon haka na zauna na yi wa kaina huɗuba. Na ce Diffa ina, nan ina? Na ce in mun gama yanka taken nan gunduwa-gunduwa, mun cusa kusoshi, mun doka da gwiwar hannu, ko Ba Kyari da ya haife su ba zai gane su ba. Na ce in na yi karatu na dawo, ai sunansa zan ɗaukaka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na san karin maganar tun ina yaro, ban dai san da ni take ba. Ran na shida na ɗauki tikitin na miƙa masa na ce ya buɗe ɗaki.

Mako shida muka yi a kan wannan kiɗa guda. Ga yadda ya tsara shi. Hannun dama zai fara taken Bulama, a hankali, tsaf. Kafin ya kai rabi, hannun hagu zai sare shi da na Madu. Dama ya sake farawa, hagu ya sake sarewa, kowane karo da wuri fiye da na baya. Ba a taɓa barin na Bulama ya kai ƙarshe. Daga nan su cakuɗe, kusoshi suna ƙara, sannan in kwantar da damtsen hagu gaba ɗaya a kan maɓallan ƙasa, hannun dama ya tsaya cak. Arman ya ce wannan wurin shi ne gonar. Na maimaita shi har ya zama ina cin abinci yatsuna suna yinsa a kan tebur.

An yi wasan ran Lahadi da yamma, a wata tsohuwar coci da aka mayar zauren kiɗa. Ta cika. Ina zaune gaban piyano cikin babbar riga, sai Arman ya fito ya ɗauki makirfo, abin da bai gaya mini zai yi ba. Ya ba su labarin da na ba shi, bai rage ko kwalbatin ba. Ya ambaci Bulama Ari, ya ambaci Madu, ya ambaci Ya Fanna da sunanta. Ya ce tsohon makaɗin ya raba taken nan biyu shekaru, amma yau mutanen bakin kogi sun aiko wannan saurayi ya haɗa su, domin sun yafe wa juna. Ya ce sunan kiɗan "Sulhu".

Tsakanina da ƙofar gefe bai fi taku goma ba. Na dube ta. Sannan na ɗora hannuwana na kaɗa, kuma ban taɓa yin kiɗa mai kyau kamar na ranar ba. Wannan ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina. Da na kwantar da damtsena aka yi tsit, sai zauren ya miƙe tsaye. Mata suna kuka. Wata ta zo ta shafa fuskata ta ce na wanke mata zuciya. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na ga masu ɗaukar hoto a gefe, ban damu ba.

Bayan mako biyu na je makarantar. Malamai uku a bayan tebur, ɗaya ta ɗora mini takarda mai layuka da ɗige-ɗige a kan piyano ta ce in kaɗa. Na ce ni da kunne nake kiɗa. Suka dubi juna. Ta ce ba a karɓar wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba, kowa ya san haka, kuma wanda ya aiko ni ya fi kowa sani, don ya taɓa koyarwa a nan. Na hango wasiƙar Arman a cikin dosiyen takarduna. Layi biyu ce.

Shi ya kai ni tashar jirgin ƙasa da motarsa. Na tambaye shi ko ya san za su ƙi ni. Ya ce, "Makaranta za ta lalata ka ne kawai. Ka riga ka yi abin da ka zo yi." Na nemi ya cire hoton wasan daga intanet. Ya ce abin ya fita daga hannunsa, ya zama na duniya. Ya rungume ni, ya ce in gaishe masa da tsoho.

Daga Yamai kwana biyu ne a kar, babbar motar fasinja. Mun kwana Damagaram, mun wuce Gure, ina ta gaya wa kaina cewa mutanenmu ba sa kallon irin wannan abu. Bayan mun bar Maine, sai na ji maɓallai uku na farko na kiɗana daga wayar wani a kujerar baya. Wani ya ɗora muryarsa a kai, yana fassara jawabin Arman da Barbarci. Kowa a motar ya kasa kunne. Na ji taken Bulama ya taso, na ji an sare shi.

"Wayyo, na Bulama Ari ne," in ji wata mata. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba.

"Ga na Madu nan a ƙasa. Ji, ji!"

"Wa ya yafe? An tambayi matar?"

"Ɗan mai buhunan nan ne na kasuwa. Baƙon haure, ba a yanka masa kowa ba."

Duk kusoshin da muka cusa, duk gwiwar hannun, a banza. Mutanen da suka shekara talatin suna jin taken nan a gona sun gane shi yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin yara. Na ja hulata na rufe fuska har Diffa.

Mahaifina bai zage ni ba. Ya nuna mini tarin buhunan da ba a taɓa ba, ga shi ana tsakiyar tsinkar tattasai, ya ce, "Ka je ka ga tsohon."

Na same shi da hantsi, zaune kan tabarma a ƙofar bukkarsa. Na durƙusa na ce, "Ba, na dawo."

Ya ɗago ya dube ni sosai. "Wushe, wushe. Lale da baƙo. Daga wane gari?"

"Ba, ni ne Lawali."

"Madalla. Ya hanya? Ya mutanen gida?" Ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon baƙi. Ya yi mini gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba, bai tsallake ko ɗaya ba. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. "Ni ba a yi mini kome ba, baƙo. Mai magana tana can, bukka ta uku. Ta ce in mai piyano ya zo, ya je mata da piyanonsa."

Na koma gida na ɗauko ƙaramin piyanona, na sa masa batir, na ɗora a ka. Ya Fanna tana zaune tana cire wa busasshen tattasai hanci, aikin da take yi wa wani ɗan kasuwa. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, Hausarta da nauyin Barbarci. Na yi shirin zagi, har na yi shirin duka. Ta share mini wuri a tabarma.

"Zauna, ɗana. Sun ce na yafe."

"Ya Fanna, ƙarya Baturen ya yi. Ni ban ce..."

"Bar Bature. Bature bai san ni ba." Ta ci gaba da aikinta. "Ka san abin da na fito da shi daga garinmu? Zanen jikina. Hotonsa babu, kabarinsa ban san wanda ke noma a kai ba. Takensa kawai ke gare ni. Ina daka ina yinsa a raina, ina ɗebo ruwa ina yinsa, tun daga farko har ƙarshe, har inda yake ɗaga hauya. Sai jikata ta kawo mini waya ta ce, Kaka, ji an sa taken Kaka Bulama a Turai. Sau ɗaya na ji. Sau ɗaya." Ta ajiye tattasan. "Tun ranar, in na fara, ban kai rabi sai na Madu ya shigo. Na je wurin Kyari, ba shi da iska, muryar rerawar ma ta tafi, sai huci. Kai kaɗai ka rage. Ba haƙuri nake so ba. Ka kaɗa mini nasa, shi kaɗai, har ƙarshe, in mayar da shi inda yake."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Har na ji sanyi a raina, don na ɗauka an ba ni ƙofa.

Na ɗora hannun dama na fara. Ya fito tsaf, ta lumshe ido. Ina isa wurin, sai na ji hannun haguna ya sauka a kan maɓallai da kansa. Na janye shi kamar na taɓa wuta. Na ce ta yi haƙuri. Na zauna a kan hannun, na danne shi da cinyata, na sake farawa. Na iso wurin, hannun dama ya tsaya, yana jiran a sare shi. Na nemi abin da ke gaba. Na san akwai sauran rabi, na san yana hawa sannan ya sauko, na kaɗa shi a inuwar shagonmu ba sau ɗaya ba. Na danna wani maɓalli, ba shi ba ne. Na danna wani. Mako shida na yi ina koya wa hannuna kada ya ƙarasa, ya kuwa koya.

Mata sun taru a bakin bukka. Na gwada sau na uku, sau na huɗu. Zufa tana ɗiga a kan maɓallan. A karo na biyar na tsaya a wurin, ban taɓa kome ba, aka yi shiru. Na ga leɓenta yana motsi, sai na gane abin da take ji a cikin shirun, don ni ma shi nake ji.

Ta buɗe ido. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo kwandon tattasanta gabanta.

"Ɗauki kayanka, ɗana," ta ce. "Su da suka yanka shi ma, sun bar mini takensa."